Ganyen Mulen: Amfaninsa ga Tari, Iyakar Aikinsa da Abin da Za Ka Kiyaye

Mulen tsiro ne na ƙasashe masu sanyi, wanda aka daɗe ana shan furensa da ganyensa saboda tari da kaushin maƙogwaro. A 'yan shekarun nan tallarsa ta yawaita a TikTok da Facebook da shagunan intanet, inda ake sayar da shi a matsayin shayi, ko ruwan ɗigawa, ko kafso, tare da alkawarin wai yana "wanke huhu".

Idan ka riga ka saya, ko kana shirin saya wa kanka ko wani naka, ga abin da za ka riƙe tun daga farko. Shayin furen mulen na iya kwantar da ƙaiƙayin maƙogwaro, ya sassauta busasshen tarin mura na 'yan kwanaki. A nan amfaninsa da hukumomin magunguna suka amince da shi ya tsaya. Ba ya warkar da tarin fuka, ko asma, ko nimoniya, kuma ba ya gyara huhun da sigari ta lalata. Shi kansa shayin ba ya cika cutarwa. Abin da ya fi cutar da mutane shi ne makonnin da suke ɓatawa suna shan sa, alhali ciwon da ke bayan tarin yana ci gaba da cin jiki.

Mene ne mulen?

Sunansa na kimiyya Verbascum thapsus, kuma yana da 'yan'uwa sama da nau'i 300, waɗanda kaso mafi tsoka daga cikinsu ke fitowa a ƙasar Turkiyya. Asalinsa daga Turai ne da arewacin Afirka da Asiya. A ƙarni na 18 aka kai shi Amurka, inda ya bazu har ya zama ciyawar gefen hanya.

Shekara biyu yake yi a raye. A shekarar farko yana shimfiɗa manyan ganyaye a ƙasa, masu kauri da laushi, waɗanda farin gashi ya lulluɓe. A shekara ta biyu sai ya fitar da dogon kara guda ɗaya da kan kai mita 2, mai ɗauke da ƙananan furanni rawaya. Bayan ya zubar da iri sai ya mutu. An san shi tun zamanin da: likitan nan Bagirke, Dioscorides, wanda ya rayu a ƙarni na 1 Miladiyya, ya ambace shi cikin magungunan tari, kuma mutanen Rum kan tsoma busasshen karansa a kitse su kunna domin haske da dare.

Mulen ba tsiron ƙasar Hausa ba ne, shi ya sa ba shi da sanannen suna na Hausa. A jikin kwali za ka ga an rubuta Mullein idan da Turanci ne, ko bouillon-blanc ko molène idan da Faransanci ne, Larabawa kuma suna ce masa busir ko azanud-dubbi. Wannan bayani yana da muhimmanci saboda dalili ɗaya: idan wani ya nuna maka wani ganye a bayan gari ya ce shi ne mulen, kada ka ɗauka. Tumfafiya ma tana da faffaɗan ganye mai fari-fari, amma farin ruwan da ke fita daga jikinta guba ne da ke taɓa zuciya, yana kuma iya lahanta ido.

Me ke cikinsa?

Abubuwa uku ne aka fi danganta aikin mulen da su.

Na farko shi ne yauƙi, irin wanda ka sani a kuɓewa da lalo da karkashi. Furen mulen na ɗauke da kimanin kashi 3 cikin 100 na wannan yauƙi. Idan ka sha shayin, yauƙin kan shafe fatar maƙogwaro na ɗan lokaci, sai ƙaiƙayin da ke tayar da tari ya lafa. A maƙogwaro aikin yake faruwa, domin abin da ka haɗiya ciki yake tafiya, ba ya bi ta hanyar iska zuwa huhu.

Na biyu su ne sinadaran safonin, masu yin kumfa kamar sabulu idan an kaɗa su cikin ruwa. Su ne ake kyautata zaton suna ɗan tsinka majina ta yi sauƙin fita.

Na uku wasu sinadarai ne irin su verbascoside da aucubin, waɗanda gwaje-gwajen ɗakin bincike suka nuna suna rage kumburi. Wani bincike da aka buga a shekarar 2002 a Amurka ya nuna cewa ruwan da aka tatso daga mulen ya hana wasu ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa a farantin gwaji, ciki har da Staphylococcus aureus da Klebsiella pneumoniae. Masu talla sun fi son ambaton irin wannan sakamako. Sai dai abin da ya kashe ƙwayar cuta a faranti bai zama magani ba har sai an nuna cewa yana shiga jini, yana isa wurin ciwon da yawan da ake buƙata, kuma marasa lafiyar da suka sha shi sun fi waɗanda ba su sha ba samun sauƙi. Mulen bai tsallake waɗannan matakai ba.

Tari da ciwon maƙogwaro

Hukumar Kula da Magunguna ta Tarayyar Turai, wato EMA, ta duba bayanan da ake da su a kan furen mulen, ta fitar da matsayarta a 2008, ta kuma sabunta ta a 2018. Ta amince a yi amfani da furen nau'o'i uku, Verbascum thapsus da Verbascum densiflorum da Verbascum phlomoides, domin sauƙaƙa ciwon maƙogwaro da ke zuwa tare da busasshen tari da mura.

Ka lura da rukunin da ta sa shi. Hukumar na raba magungunan itatuwa gida biyu: waɗanda gwaji a kan mutane ya tabbatar da aikinsu, da waɗanda aka yarda da su saboda daɗewar amfani. Mulen a gida na biyu yake. Sharaɗin wannan gida shi ne a ce an shafe aƙalla shekara 30 ana amfani da abin, 15 daga ciki a ƙasashen Tarayyar Turai, ba tare da ya nuna wata babbar illa ba, kuma aikin da ake danganta masa ya yi daidai da hankali. Kwamitin kula da magungunan itatuwa na ƙasar Jamus, wanda ake kira Commission E, shi ma ya amince da furen domin murar hanyoyin numfashi.

Abubuwa biyu za ka ɗauka daga nan. Na ɗaya, furen aka amince da shi, alhali yawancin abin da ake sayarwa a intanet ganye ne ko ruwan da aka tatso daga ganye, wanda bayanan da ake da su a kansa sun fi ƙaranci. Na biyu, tarin mura yakan tafi da kansa cikin mako ɗaya zuwa uku, ko ka sha mulen ko ba ka sha ba. Ruwan ɗumi da zuma ma suna yin kusan wannan aiki na kwantar da maƙogwaro, kuma zuma tana da gwaje-gwaje a kan yara da suka nuna tana rage tarin dare. Sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma.

Ciwon kunne

Akwai man ɗiga wa kunne da ake haɗawa da furen mulen da tafarnuwa cikin man zaitun. Hujjar da ake kafawa da ita gwaje-gwaje biyu ne da aka yi a Isra'ila. Na farko an buga shi a 2001, a kan yara 103 masu shekara 6 zuwa 18. Na biyu an buga shi a 2003, a kan yara 171 masu shekara 5 zuwa 18. An kwatanta wani haɗin itatuwa mai suna Otikon da maganin ɗigawa mai kashe zafi, aka ga zafin kunnen ya ragu a ɓangarorin biyu cikin kwana uku.

Akwai dalilan da suka sa wannan sakamako bai isa ka dogara da shi ba. Haɗin ya ƙunshi itatuwa da yawa, mulen ɗaya ne kawai daga cikinsu, don haka ba a iya ware aikinsa. Zafin irin wannan ciwon kunne yakan lafa da kansa cikin kwana biyu zuwa uku a yawancin yara. Ba a sa ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 5 a gwajin ba, alhali su ne ciwon ya fi kamawa. Sannan likita ne ya leƙa kunnen kowane yaro da na'ura kafin a ɗiga masa komai. Masanan cibiyar Cochrane, masu tace sakamakon gwaje-gwajen magunguna, sun duba waɗannan bincike suka ce hujjar ba ta kai a yanke hukunci da ita ba.

Haɗarin da ke nan shi ne hujewar dodon kunne. Idan ya huje, duk abin da ka ɗiga zai wuce zuwa tsakiyar kunne, kuma man da aka haɗa a gida yana iya shiga da ƙwayoyin cuta. Ba za ka iya gane hujewar da ido ba. Saboda haka:

- Kada ka ɗiga man mulen, ko wani mai, a kunnen da ke fitar da ruwa ko mugunya ko jini.
- Kada ka ɗiga a kunnen da aka taɓa yi wa aiki, ko aka sa masa ɗan bututu.
- Kada ka ɗiga wa yaro komai sai ma'aikacin lafiya ya leƙa kunnen.
- Domin rage zafi kafin ku isa asibiti, farasitamol daidai nauyin yaron ya fi aminci.

Tarin fuka

Wannan shi ne wurin da kuskure ya fi tsada. Sunan da mulen ya yi a matsayin maganin tarin fuka, wato tibi, daga ƙasar Ayalan ya fito, inda mutanen karkara ke dafa ganyen da madara su ba mai tarin. A 1883 wani likita a birnin Dublin mai suna Quinlan ya gwada wannan haɗi a kan wasu marasa lafiya, ya rubuta a mujallar likitocin Birtaniya cewa tarinsu ya lafa, wasu kuma sun ƙara nauyi. Ka tuna da zamanin: shekara ɗaya ke nan da Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a 1882, kuma maganin farko da ke kashe ta, streptomycin, bai zo ba sai a shekarun 1940. Marasa lafiyar kaɗan ne, ba a kwatanta su da waɗanda ba su sha ba, kuma madarar da ake ba su kullum ta isa ta sa ramammen mutum ya ɗan murmure. Lafawar tari daban, mutuwar ƙwayar cuta daban.

A yau tarin fuka yana warkewa. Maganin da aka saba bayarwa na wata 6 ne: wata 2 na farko da magunguna huɗu, rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, sannan wata 4 da rifampicin da isoniazid. Duk da haka, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cutar ta kashe kimanin mutum miliyan 1.25 a 2023, kuma Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu kamuwa. Mutum ɗaya da ba ya shan magani na iya harbar mutum 5 zuwa 15 cikin shekara, kuma waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi ne na farko.

Idan tarinka ya kai mako biyu, ka je a gwada kakinka. A Najeriya gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin DOTS, kuma akwai lambar kira kyauta ta 3340 da za a nuna maka cibiya mafi kusa. Idan kuma an riga an ɗora ka a kan magani, kada ka ajiye shi saboda wani shayi, ko da ka ji ƙarfi. Katse magani a tsakiya na daga cikin abubuwan da ke haifar da tarin fuka mai bijire wa magani, wanda jinyarsa ta fi wahala.

Maganar "wanke huhu", sigari da asma

Huhu yana da hanyar share kansa. Bututun iska na lulluɓe da siraran gasu waɗanda ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana suna turo majina da ƙura zuwa sama, har ka haɗiye ko ka tofar. Hayaƙin sigari da shisha da na itacen girki yana gurgunta waɗannan gasu. Idan hayaƙin ya daina shiga, sukan farfaɗo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa aikin huhu yakan fara inganta cikin mako 2 zuwa 12 bayan daina shan sigari, tari da haki kuma sukan ragu cikin wata 1 zuwa 9. Babu gwajin da ya nuna cewa mulen yana gaggauta wannan farfaɗowa, ko yana cire baƙin kwalta daga huhu. Ƙananan jakunkunan iska da hayaƙin shekaru ya riga ya ɓarke kuwa ba sa dawowa, sai dai a hana ɓarnar ƙaruwa. Wanda ke shan mulen da safe yana zuƙar sigari da yamma bai rage wa kansa haɗarin komai ba.

Wasu kuma suna naɗe busasshen ganyen mulen su zuƙa, wai hayaƙinsa magani ne. Duk ganyen da aka ƙona yana fitar da gurɓatacciyar iska da ƙananan ɓurɓushi masu shiga can cikin huhu. Ga mai asma, wannan hayaƙi kaɗai ya isa ya tayar da ciwon.

A asma, hanyoyin iska ne ke kumbura su tsuke. Maganin shaƙa irin salbutamol yana buɗe su cikin mintuna, maganin shaƙa mai rage kumburi kuma yana hana ciwon yawan tashi. Shayi ba ya yin ko ɗaya daga cikin biyun. Idan kana da asma, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa, inhelarka ta kasance a aljihunka kullum.

Yadda ake haɗa shayin

Idan babba ne kai, ko matashin da ya haura shekara 12, kana fama da busasshen tarin mura ba tare da alamun haɗarin da za mu lissafa a ƙasa ba, ga ma'aunin da EMA ta bayar:

- Ka ɗebi giram 1.5 zuwa 2 na busasshen fure. Furen ba shi da nauyi, don haka wannan ya kai kimanin cokalin shayi 3 zuwa 4.
- Ka zuba masa tafasasshen ruwa mililita 150, wato ƙaramin kofi ɗaya.
- Ka rufe, ka bar shi minti 10 zuwa 15.
- Ka tace da farin ƙyalle mai tsabta da ka ninka biyu, ko takardar tace kofi. Rariyar shayi ba ta tare ƙananan gasun da ke jikin fure da ganye, kuma idan suka shiga maƙogwaro suna yi masa abin da ƙaiƙayin gero ke yi wa fata, sai tarin ya ƙaru.
- Ka sha da ɗumi, kurɓi-kurɓi, sau 3 zuwa 4 a rana.

Kada ka wuce mako ɗaya kana sha ba ka ga ma'aikacin lafiya ba, idan tarin bai tafi ba. Ƙara yawan furen ba ya ƙara sauƙi. Kada ka ajiye shayin da ka haɗa ya kwana, domin ruwa mai yauƙi yana saurin lalacewa a yanayin zafi. Shi kuma busasshen furen, ka adana shi a kwalba mai murfi, nesa da rana da danshi. Fure mai kyau rawaya ne. Idan ya koma ruwan ƙasa ko ya yi warin fumfuna, ka zubar.

Illoli da haɗurra

A ma'aunin da aka ambata, ba a saba ganin babbar illa daga shayin furen ba. Amma akwai abubuwan da za ka sa wa ido.

Ƙaiƙayi da borin jini. Gashin ganyen na iya sa fata ta yi ja ta yi ƙaiƙayi, kuma wasu mutane jikinsu ba ya karɓar tsiron. Idan ka ga ƙuraje bayan ka sha ko ka taɓa, ka daina. Idan leɓe ko harshe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti nan take.

Irin mulen. Ba a sha, ba a ci. Tun da daɗewa masunta a wasu ƙasashe ke daka shi su zuba a ruwa domin ya sumar da kifi. Idan ka ga ƙananan ƙwayoyin iri ko kwansonsu da yawa a cikin abin da ka saya, kada ka yi amfani da shi.

Ruɗewa da tsiro mai guba. A Turai da Amurka, ganyen mulen na shekarar farko yana kama da na Digitalis, dangin tsiron da ake samo maganin zuciya na digoxin daga gare shi. Ganyen Digitalis kaɗan na iya rikita bugun zuciya har ya kai ga mutuwa. Alamun gubarsa sun haɗa da amai, jiri, ganin abubuwa rawaya-rawaya ko dishi-dishi, da raguwar bugun zuciya ko rikicewarsa. Idan aka busar da ganye aka niƙa, ba mai iya bambance su da ido. Wannan ne ya sa garin ganyen da ba a san inda aka tsinko shi ba yake da haɗari.

Gurɓata. Mulen na yawan fitowa a gefen titi da wuraren da aka yi watsi da su, inda ƙasa kan ɗauki dalma da maganin feshi.

Haɗuwa da wasu magunguna. Babu rahoton wani tabbataccen saɓani tsakanin furen mulen da magungunan asibiti, amma ba a yi gwajin da ya isa a kan haka ba. Tunda yauƙi na iya jinkirta shigar magani jiki, ka bar tazarar aƙalla awa ɗaya tsakanin shayin da magungunanka, kuma ka gaya wa likitanka kana sha.

Waɗanda bai kamata su sha ba

- Mai juna biyu da mai shayarwa. Babu bayanan da suka tabbatar da amincinsa a gare ki ko ga jaririnki, don haka EMA ta ce a guje shi.
- Yara 'yan ƙasa da shekara 12. Tari a wannan shekaru yana buƙatar a duba shi, kuma ba a tsayar musu da ma'auni ba.
- Wanda jikinsa ya taɓa nuna ƙin mulen.
- Mai ciwon ƙoda ko hanta ko zuciya, da wanda ke karɓar maganin kansa ko na ƙanjamau, sai da sanin likitansa.
- Duk mai tari tare da zazzaɓi, ko haki, ko kaki mai mugunya ko jini.

Idan za ka saya

Ka duba a ga cikakken sunan kimiyya na tsiron a jikin kwalin, da ɓangaren da aka yi amfani da shi, ko fure ko ganye, da sunan kamfani da adireshinsa, da ranar daina aiki. Abin da aka ƙulla a leda ba suna ba lamba, ka bar shi.

A Najeriya ka nemi lambar NAFDAC, a sauran ƙasashe kuma ta hukumar magunguna ta ƙasar. Amma ka san abin da lambar ke nufi. Yawancin magungunan itatuwa lambarsu na ƙarewa da harafin L, wanda ke nuna an duba amincinsu ne kawai, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Haka ma rubutun "an yi a Amurka" ba shaidar aiki ba ne, domin a ƙarƙashin dokar ƙasar ta 1994, ana iya sayar da irin waɗannan kayayyaki ba tare da hukumar FDA ta fara tabbatar da aikinsu ba.

Ruwan ɗigawa da yawa da barasa ake tatso su. Ka karanta jerin abubuwan da ke ciki, za ka ga alcohol ko ethanol idan akwai. Sannan ƙarfinsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ba a kuma tsayar musu da ma'auni ɗaya ba kamar yadda aka yi wa shayin fure. Haɗin da ke ɗauke da itatuwa goma ko fiye ya fi wuyar sanin abin da ya jawo illa idan ta faru. Duk kwalin da ya yi alkawarin warkar da tibi, asma, kansar huhu da ciwon suga a lokaci ɗaya, wannan alkawarin ya isa ya sa ka mayar da shi.

Yaushe za ka je asibiti?

Ka je cikin kwana ɗaya ko biyu idan:

- tarin ya kai mako biyu, ko ya wuce mako ɗaya yana ƙaruwa;
- akwai rama, ko zufa da dare, ko zazzaɓin yamma, ko rashin son abinci;
- kakin ya zama kore ko ruwan ƙwai mai kauri, tare da zazzaɓi;
- wani a gidanku yana da tarin fuka;
- busasshen tarin ya fara ne bayan an ɗora ka a kan maganin hawan jini irin lisinopril ko captopril. Waɗannan magunguna kan jawo tari, kuma canza su ne maganinsa. Likita ne zai canza, kada ka daina da kanka;
- muryarka ta dishe fiye da mako uku, musamman idan kana shan sigari;
- ciwon kunne ya wuce kwana biyu, ko kunnen na fitar da ruwa.

Ka je nan take, ko da tsakar dare ne, idan:

- akwai jini a kaki;
- numfashi ya yi wuya har ba ka iya kammala magana, ko leɓe ya canza launi;
- ƙirji na ciwo idan ka ja numfashi, tare da zazzaɓi mai zafi;
- ƙafafu sun kumbura kuma ba ka iya kwanciya a miƙe saboda haki;
- bayan kunnen yaro ya kumbura, ko wuyansa ya sandare;
- yaro na numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki idan ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ko ya yi laushi.

Za ka iya ƙirga numfashin yaro da kanka na minti ɗaya cif, lokacin da yake kwance ba ya kuka. Sau 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata 2 ba, sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, da sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, duk alamar nimoniya ce, kuma tana buƙatar magani a ranar.

Idan za ka ga likita, ka tafi da kwalin mulen ɗin da duk wani maganin gargajiya da kake sha, ka faɗi ranar da ka fara da yawan da kake sha. Sanin haka na taimaka masa ya gane ko wata alama daga ciwon take ko daga abin da ka sha, kuma ya zaɓa maka maganin da ba zai ci karo da shi ba.